Gafiya a Ramin Abincin Shanu

Har yau idan na ji warin tsami irin na ɗanyen kara da ya kwana a rufe, sai na tuna da ramin abincin shanunmu.

A shekarun da aka fara Shari'a ne malamin gona ya koya wa Babanmu binne abincin shanu: a sassare ɗanyen karan masara, a danne a rami, a rufe da leda da ƙasa, a buɗe da rani. Shanun tatsa shida gare mu a gonarmu ta hanyar Mashi, nononsu ke ciyar da gidan kaf. Ni, magidanci mai 'ya'ya biyu, aka danƙa wa ramin.

Ranar da na buɗe, sai ga mushen gafiya a kusurwa, ta kumbura. Lokacin kuwa ba na fashin karatun bayan Magariba, ina ji da kaina. An karantar da mu cewa idan ɓera ya mutu a cikin daskararren man shanu, a cire shi da kewayensa, saura halal ne. Ni uban sani, sai na ɗauko hukuncin man shanu na ɗora wa kara. Na kwashe gafiyar da abin da ya taɓa ta, na binne bayan shinge, na zuba wa shanu sauran. Ban gaya wa kowa ba.

Kwana uku, jar saniyar Baba ta kasa tashi. Harshe waje, yawu na dalala, idonta a kaina. Kafin Juma'a, shanu huɗu sun mutu. Likitan dabbobi ya hana a ci naman, ya tambaya ko wani abu ya mutu cikin abincin. Wallahi bakina ya buɗe, tsoro ya rufe shi. Na ce ban ga komai ba.

Sai Baba ya ce sammu ne, ya ɗora wa ƙanensa, Baffa, da suke rigimar iyakar gona. Baffa ya rantse har da hawaye. Shekara tara ba su gaisa ba, ina kallo.

Da Baba ya kwanta ciwon ajali, Baffa ya zo dubiya, aka hana shi shiga. Na durƙusa zan faɗi gaskiya, sai Baba ya riƙe hannuna.

"Kai kaɗai ne ba ka taɓa cutata ba," ya ce.

Na haɗiye maganar. Baffa yana zaure, yana jira.