Yadda Ya Gana Ta Koyi Cizon Shinkafa

Ya Gana yayar mahaifina ce. Tun kafin a haife ni take tuyar ƙosai a ƙofar gidanmu na unguwar Bulabulin, kuma a iya sanina abu ɗaya ta taɓa sa wa rai, wato injin markaɗe nata na kanta. Kullum bayan sallar asuba takan ɗauki bokitin wake ta je ta bi layin markaɗe. Ranar da mai injin ya makara, masu sayen ƙosai sai su wuce gaba.

Tana tarin kuɗi, ba ta wasa. A cikin wata tsohuwar kular abinci take ajiyewa, ƙarƙashin gado. Amma duk sanda ta je taya injin a kasuwa sai ta tarar an ƙara masa kuɗi. Takan dawo ta ce mini, "Rahmat, ni ina tafe a ƙafa, shi kuma yana cikin Keke Napep."

Hajiya Turai, wata Bakanuwa mai sayar da hatsi a Kasuwar Kwastam, wadda Ya Gana ke sayen wake a wurinta, ita ta ba ta shawara.

"Gana, kuɗin da ke kwance a kula ramewa yake yi. Da kaka ki je Zabarmari ki sayi shanshera, shinkafar da ba a casa ba. Ki ajiye, idan damina ta kusa ki fitar."

Ya Gana ta ɗauki rabin abin da ta tara ta tafi. Sai dai da idon mai sayen wake ta je. Ita a wurinta buhu mai nauyi shi ne mai kyau, don haka ta bi tana ɗagawa har ta zaɓi huɗu mafi nauyi, a bakin gona, kuma da araha. Ta jera su a ɗaki a kan siminti, ta rufe taga saboda ɓera.

Mako uku aka yi wari ya fara fita. Hajiya Turai ta zo da kanta, ta cusa hannu cikin buhu, ta fizge shi da sauri.

"Zafi kamar tukunya! Gana, ai ruwa kika sayo."

"To, a garin nan ruwan ma ai ba kyauta ba ne," in ji Ya Gana, amma idonta ya yi ja.

Buhu biyu sun yi baƙi, sai kaji. Sauran biyun muka baza a tsakar gida har kwana huɗu. A nan Hajiya ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a haƙori. Ta ce idan ta yi ƙas, ta bushe. Idan ta lotse, a bar wa mai ita kayansa.

Babana ya ce ta haƙura haka nan, kada sauran ma ya bi. Ta ce masa, "Tahir, na biya kuɗin makaranta, sai kuma in ƙi shiga aji?"

Da kaka ta zagayo na raka ta. Buhu ɗaya sai ta ciji ta sama, ta ciji ta tsakiya, ta sa a kwance bakin ta zaro ta ƙasa. Manomin ya ce, "Mama, za ki cinye min kaya ba mu yi ciniki ba." Ta ce, "Haƙorana shida suka rage a wannan gefen, ba za su yi maka ɓarna ba."

Wannan karon a kan katako ta ɗora, taga a buɗe, ga kyanwa da ta aro a maƙwabta. Ba ta sayar a tashi ɗaya ba, ɗaya bayan ɗaya ta riƙa fitarwa.

A shekara ta uku injin ya shigo gida. Na hannu ne, fentinsa ya koɗe, amma lafiyarsa ƙalau. Manasse makanike ya kafa shi a zaure, ya kama igiya zai tayar, ta riƙe masa hannu.

"Gobe da asuba kana nan?"

Ya ce a'a.

"To matsa."

Sau biyar ta ja, mayafinta ya zame, mu duka muna dariya. A na shida ya kama, zauren ya ɗauki ƙara. Ta juyo tana haki ta ce, "Rahmat, miƙo waken."