Jegon teɓa

Haihuwa shida ta bar wa yayata teɓar da ke riga ta shiga ɗaki. A gidan biki sai a ba ta kujera a ce masu ciki ba sa tsayuwa, alhali autanta har ya shiga firamare. Abin yana cin ranta sosai, ni kuwa dariya nake yi.

Da ta ji ana yin tiyatar rage tumbi, ni na raka ta Kano. Mijinta kaɗai ya sani, a gida Daura kuwa muka ce awo za a je. Aka yanke abin da ya yi yawa, aka ɗinke, aka ɗaure ta tamau. Likita ya ja kunne cewa kada ruwan zafi ko wani abu ya taɓa ɗinkin.

Ba mu yi tunanin yadda abin zai kasance a idon unguwa ba. Mace ta tafi asibiti da ciki, ta dawo a duƙe, ba ciki ba goyo. Kafin la'asar tsakar gida ta cika da mata, kowacce tana cewa Allah ya sa mai ceto ne. Yaya ta rufe fuska da mayafi tana amsa amin. Kunya ce take cinta, su kuma suka ɗauka kuka ne.

Washegari da safe na tarar da Inna, mahaifiyarmu, ta ɗora tukunya tana tafasa, ga ganyen darbejiya a hannu. Idonta ya kumbura. A nan dariyata ta tsaya, domin da gaske tsohuwa ta kwana tana kukan jikan da ba a taɓa yi ba. Ta ce ko ɗa bai zo da rai ba, wankan jego dole ne, a fito.

Yaya ta dubi tururin, ta dube ni. Sannan ta kwance ɗaurin ta nuna ɗinkin, ta faɗi gaskiya.

Inna ta daɗe tana kallo.

"To naman da aka yanke, wa ya binne shi?"

Ta sauke tukunya, ta ce ita ba za ta iya fita ta gaya wa mutane 'yarta ta kai cikinta wurin tela ba. Ta ci gaba da karɓar gaisuwa da kanta, Yaya kuma ta sha kunun kanwa har aka yi arba'in.

Har yau a unguwarmu haihuwar Yaya bakwai ce, shida suna raye.