Sharhin Saje Magdalene

Magdalene Abel ta yi shekara talatin da biyar tana aikin ɗan sanda, kusan ashirin daga ciki kuwa a bakin tebur ta yi su, tana rubuta bayanan masu ƙara da na waɗanda ake zargi. A Dabai aka haife ta, amma a bariki ta tashi, domin mahaifinta soja ne. Ta yi aiki a Yawuri, ta yi a Bena, ta yi a Birnin Kebbi, ta kai muƙamin sufeto kafin ta yi ritaya. Sai dai ta daɗe ƙwarai tana saje, har sunan ya bi ta, shi ya sa a unguwar Rikoto ta Zuru, inda ta gina gidanta, babu mai kiranta da wani suna sai Saje. Mijinta Abel tsohon soja ne, da damina yakan tare a gonarsa ta Dabai, ita kuma tana gida da kajinta da jikarta Goodness, wadda uwarta ke aikin jinya a Kaduna.

Saje ba ma'abociyar littafin labari ba ce. Karatunta bai wuce Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙin coci ba. Tukunyar wake ce ta jawo komai. Wata Asabar da hantsi ta bar Goodness, mai shekara goma sha shida, da tsaron girki, ta dawo daga kai ƙwai ta tarar da hayaƙi ya cika madafi, yarinyar na zaune a kan turmi ta ƙura wa waya ido. Saje ta ƙwace wayar, tana da yaƙinin wani yaro ne ke turo saƙo. Da ta sa gilashinta ta duba, sai ta ga babi na huɗu ne na wani labari mai suna Baƙon Rijiya, wanda wata mai suna Hamdiyya ke turowa a zauren WhatsApp duk Talata da Juma'a.

Labarin wata makarantar kwana ce ta 'yan mata. Ɗaliba ɗaya ta ɓace, ƙawarta Nabila ta sha alwashin gano abin da ya same ta. A cikin tsohuwar rijiyar makarantar kuma akwai wani yariman aljanu, kyakkyawa, mai gashi har kafaɗa, wanda ya kamu da son Nabila. Saje ta karanta ne don ta san irin abin da ke shiga kan jikarta. Kafin la'asar ta koma babi na ɗaya ta bi su duka, ta ɗauko biro tana rubuta sunayen waɗanda ya kamata a yi wa tambayoyi.

Da ta mayar da wayar, sai ta ce a saka ta a zauren. Goodness ta yi ta roƙo, ta ce wurin na yara ne, akwai 'yan ajinsu a ciki. Saje ta ce ai ba a rubuta shekaru a ƙofa ba.

Mutum ɗari biyu da arba'in ne a zauren, yawancinsu 'yan mata, kuma ƙa'ida ce duk wadda ta karanta ta yi sharhi. Sati guda Saje tana karanta sharhin ba ta ce komai ba. Wata Jessica ta rubuta cewa ta kasa cin abinci tun da yariman ya share wa Nabila hawaye. Wata ta ce in Nabila ta zaɓi ɗan makarantar maza da ke binta, ita kam ta bar karanta labarin. Aka kwana biyu ana musu a kan ko idon yariman kore ne ko ruwan zuma. Yarinyar da ta ɓace kuwa, ko sunanta babu mai ambata.

Ranar da babi na bakwai ya fito Saje ta kasa haƙuri. Ta danna ta yi saƙon murya na minti tara. Ta ce Nabila ta tsinci takalmin ƙawarta a bakin rijiya ta jefa a jaka, ba ta duba ko akwai sawu a wurin ba. Ta ce babi bakwai ke nan babu wanda ya tambayi maigadi komai, alhali ƙofa ɗaya ce a makarantar. Sannan ta kawo babbar hujjarta: matar da ke kula da ɗakin kwanan ɗalibai ta ce a babi na huɗu tana kasuwa lokacin da abin ya faru, a babi na bakwai kuma ta ce tana asibiti. Duk wanda ya sauya bayani irin haka, in ji Saje, shi ake fara zaunarwa.

Amsar da ta samu hotunan fuska mai dariya ne, sun fi talatin. Jessica ta rubuta cikin ladabi cewa Mama ta yi haƙuri, su dai yarima suke jira. Wata ta tambaya ko an buɗe caji ofis ne a zauren. Goodness ta dawo daga makaranta fuska a haɗe, ta ce yanzu kowa jikar mai bincike yake kiranta.

Saje ba ta janye ba. Kowane babi sai ta yi sharhi, tana bin matar ɗakin kwanan sau da ƙafa. Har Abel, da ya zo gida ran Lahadi, sai da ta zaunar da shi bayan coci ta jero masa hujjojinta. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko matar tana nan Zuru ne. Da ta ce labari ne, ya miƙe ya tafi duba babur ɗinsa.

Sai ga babin ƙarshe. Yariman ya kira Nabila bakin rijiya, ya busa a kan ruwa, fuskar mai laifin ta bayyana. Wani malamin lissafi ne da ba a taɓa ambata ba ko sau ɗaya a babi ashirin da shida. Zauren ya cika da murna da kuka saboda yariman ya ajiye sarautarsa don Nabila. Saje kuwa ta ɗauki wayarta. Ta rubuta cewa wannan zalunci ne ga mai karatu, a sa mutum ya yi wata uku yana tattara shaida, a ƙarshe a tsamo mai laifi daga cikin ruwa kamar kifi. Ba a yi minti biyar ba mai kula da zauren ta cire ta, ta ce sai ta huce.

Bayan kwana huɗu, da la'asar, wata siririyar yarinya mai hijabi ruwan toka ta yi sallama, riƙe da littafin rubutu. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce ita ce Hamdiyya. Saje ta ɗauka marubuciyar wata babbar mace ce a Kano. Ashe 'yar cikin gari ce, shekararta ashirin da biyu, mahaifinta na sayar da yadi a kasuwar Zuru. Ta amsa cewa zancen kasuwa da asibiti mantuwa ce kawai, ba ta ma lura ba sai da ta ji saƙon.

"Mama, cikin mutum ɗari biyu da arba'in ke kaɗai kika karanta abin da na rubuta," in ji ta. "Sauran yarima suka karanta. Ina so ki koya mini yadda ake bincike na gaske."

Asabar shida suka yi a ƙarƙashin mangwaron gidan. Saje ta koya mata yadda ake maimaita tambaya ɗaya ta hanya uku, da yadda maƙaryaci ke cika bayanin da ba a tambaye shi ba, da dalilin da ya sa ake fara duban wanda ya riga kowa kawo rahoto. Ta ba ta labarin buhunan dawa da suka ɓace lokacin tana Bena, yadda ta gano ɓarawon saboda ya faɗi adadinsu kafin mai kayan ya faɗa. Hamdiyya na ta rubutu. Goodness ta ce ba ta taɓa ganin kakarta tana dariya haka ba.

Sabon labarin ya fito babu aljani ko ɗaya. An sace takardun jarrabawa a wata makaranta, aka ɗora wa wata marainiya, ita kuma da kakarta, tsohuwar 'yar sanda, suka shiga neman gaskiya. An mayar da Saje zauren. Ta karanta babin farko sau uku, ba ta sami abin gyara ba sai guda ɗaya.

Masu karatu ba su ga abin da ta gani ba. Tun daga babi na uku aka fara tambayar ina saurayi. Wata ta ce labarin kamar darasin aji. Wata ta ce tsohuwar nan ta cika surutu, shafi huɗu tana tambayar masinjan makaranta. Jessica ta rubuta cewa tana girmama marubuciya, amma zuciyarta ba ta buga ko sau ɗaya ba. Babi na tara ya sami sharhi goma sha ɗaya, huɗu daga ciki na Saje ne. Mutane suka fara sulalewa daga zauren. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ranar da ta tambayi Goodness yadda ta ga tarkon da aka ɗana wa masinjan, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce ba ta kai nan ba tukuna.

A babi na goma sha biyu, tsohuwar 'yar sandan ta sami kira cewa 'yarta ba ta da lafiya, ta hau mota ta tafi. A shafi na gaba wani baƙon saurayi ya fito daga kogon tsamiya, ya gaya wa marainiyar cewa shekara ɗari uku yana jiranta. Kafin azahar sharhi ya haura ɗari da hamsin.

Saje ta ɗaura ɗankwali ta hau babur ɗin kabu-kabu har shagon yadin. Hamdiyya ta ba ta kujera ta kawo ruwa, ba ta yi musu ba. Saje ta tuna mata da Asabar shida, ta ce saura babi huɗu a kama ɓarawon da hujja mai kyau, me ya sa za ta zubar da aikin don 'yan mata suna son gashi mai tsawo.

Hamdiyya ta ajiye yadin da take naɗewa, ta ce:

"Mama, Jessica ɗin nan, yayanta ya tafi gona shekara biyu ke nan, har yau babu labarinsa. Akwai irinta da yawa a zauren. Sun san yadda bincike yake ƙarewa a zahiri. In sun buɗe waya, so suke wani ya zo ya busa a ruwa a ga komai."

Saje ta san fayil nawa ta rufe da hannunta ba tare da amsa ba, ta kuma san fuskokin iyayen da suka riƙa zuwa bakin teburinta har suka gaji.

"Shi ya sa nake so ko a littafi ne a yi shi daidai," in ji ta. "Su ga mutum ya yi tambaya, ya sake yi, har ya gano. Aljani ba zai zo musu ba, Hamdiyya. Tambaya kuwa kowa zai iya koyonta."

Hamdiyya ta ce ta gane, kuma tana ganin Mama ta fi ta gaskiya, amma labarin da babu mai karantawa ba ya koya wa kowa komai. Saje ta ce labarin da ke yi wa yara ƙarya gara a bar shi a aljihu. Suka rabu cikin mutunci, kowacce na kan bakanta. A hanya, tana bayan babur, Saje ta fitar da kanta daga zauren.

Cikin makon ta samo littafin rubutu mai bango ja ta fara nata. Labarin buhunan dawan Bena ta ɗauko, ta sauya sunaye, ta mayar da kanta matashiyar kurtu mai aiki tare da wani kofur. Rubutun bai zo mata da sauƙi ba, domin hannunta ya saba da "mai ƙara ya ce" da "wanda ake zargi ya musa". Wata biyu ta yi kafin ta haɗa shafi talatin. Ta yanke cewa yara ba su da haƙurin irin wannan, manya za ta kai wa.

Ranar Alhamis, bayan taron zumuntar mata a coci, ta roƙi 'yan uwanta su ɗan tsaya. Mata goma sha huɗu suka zauna a bencin baya, ta miƙe ta karanta musu da murya irin ta kotu. Sun saurara sosai, har wata ta dafa ƙirji lokacin da aka buɗe rumbu aka ga wayam. Ta kai daidai inda ɓarawon zai yi suɓul da baka ya faɗi adadin buhunan, sai Saloma, shugabar zumunta, mai jikoki tara, ta ɗaga hannu. Ta ce a yi mata haƙuri, tana da miya a wuta, so take kawai ta sani kafin ta tafi ko kofur ɗin nan ya auri kurtun daga baya. Mata uku suka ce su ma abin da ke ransu ke nan.

Saje ta cire gilashinta ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce kofur ɗin yana da mata da 'ya'ya biyar a Yawuri, kuma warin taba yake. Saloma ta ce to ai sai a gyara shi, tunda biro yana hannunta. Saje ta rufe littafin ta sa a jaka, ta ce a tashi a yi addu'ar rufewa.