Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata ta Fari

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari tana aji biyar, lakwal ɗinsu, wato makarantarsu, ta buɗe wa iyaye gurup a WhatsApp. Da farko raina abin na yi, na ce ga wani sabon ɓata lokaci. Ba a yi wata biyu ba na zama 'yar gaba-gaba. In ruwan sama ya cinye hanya, da sassafe za a ce yara su zauna gida. In akwai taron iyaye, ba sai an ba yaro takarda ya naɗe ƙosai da ita ba. Da yake yawancinmu a Zongo ba ma karanta Faransanci, murya ake turowa, wata maƙwabciyata ta juya mana da Hausa.

Malamar ajinsu, metires kamar yadda yara ke ce mata, 'yar unguwar Agla ce, ba Bahausa ba, Hausar kasuwa kawai take ji. Ta ɓullo da wani tsari. Duk ƙarshen wata sai ta ɗauki hoton yaron da ya fi ƙoƙari ta sa a gurup, iyayensa su turo murya suna yaba masa, ran Litinin ta kunna wa aji kowa ya ji. Ni kuwa bakina ba ya shiru. Ɗan kowa aka sa, sai na ajiye cokalin tuyar waina na zuba masa kirari da addu'a. Har masu shanu da ke karyawa a wurina suna tsokanata, wai na zama sanƙirar lakwal.

Ita ɗiyata lissafi ya hana ta sakat. Wata uku tana fama, kullum bayan la'asar tana kan tabarma da allonta, ta goge ta sake. Ran wata Juma'a ina cikin zuba ƙullu sai waya ta yi ƙara. Ina dubawa sai ga ta, riƙe da allo, tana murmushi da giɓinta. Wallahi sai da wainar ta ƙone. Na kalli hoton nan ya fi sau ashirin. Mata suka yi ta barka, ni kuwa ko uffan ban ce ba.

Wanda ya tashi a gida irin namu ya san dalili. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, alkunya ke nan. Ni "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ga shi cikin gurup ɗin akwai yayar mijina, akwai matar kawunsa. In buɗe baki ina yabon 'yar fari suna ji? Ai sai a ce ba ni da ta ido. Babanta kuma yana arewa wajen sayen shanu, shi da gurup ko gaisuwa ba ta haɗa su. Na ce a raina ai ta san na ji daɗi, na ƙara mata nama a miya, na ɗauka na gama.

Ran Litinin ta dawo ta ajiye jaka, ta ce ba ta jin yunwa. Talata ba ta ɗauki allo ba, Laraba ma haka. Na yi mata faɗa, na ce daga an sa hotonki sau ɗaya shi ke nan kin zama malama? Ta sunkuyar da kai.

Ran Alhamis da rana sai ga metires ta sauka daga babur a gaban tandata. Bayan gaisuwa ta ce, "Maman, wayarki ta lalace?"

Na ce lafiyarta lau.

Ta ce, "To na ga kin gani. Me ya sa ba magana? Litinin yara sun yi shiru suna jira, ni ba abin da zan kunna."

Na shiga yi mata bayanin alkunya, ina dariya, irin ta wanda ke koya wa baƙo gari. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce ita ba ta zo gyara al'adar kowa ba, amma yarinyar ta tsaya bayan an tashi, ta ce mata, "Mamana ta fi son 'ya'yan mutane." Ta ce tun ranar ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba.

Kunya ta kama ni, ba irin wadda nake taƙama da ita ba.

Na rufe tanda na nufi wurin mahaifiyata, ina sa ran ta ce na yi daidai. Tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago ba ta ce, "A zamaninmu kowa shiru yake, shi ya sa ba yaron da ya ji ciwo. Ke kin yabi na kowa, kin zo kan taki kin haɗiye harshe. Me kike so ta ɗauka?" Na ce to Inna ki yi mata ke, ai kaka ba ta da kunyar jika. Ta ce, "Ni ta ce ba na sonta?"

Na koma gida na shiga ɗaki na turo ƙofa. Ni da ke zuba kirarin minti uku ba numfashi, sau bakwai ina ɗauka ina gogewa. Duk na zo kan sunan sai harshe ya yi nauyi. A na takwas na rufe ido na faɗe shi. Na ce, "Ni ce mamanki. Na ga hotonki, na ga wahalar da kika sha. Na ji daɗi ƙwarai, Allah ya yi miki albarka." Na so in tura wa metires ita kaɗai, sai na tuna na sauran yara a gaban kowa na yi. Na tura gurup, na kife wayar.

Yayar mijina ba ta bar ni ba. Ta turo murya tana cewa, "Lallai zamani! Yau ga mai waina ta kira 'yar fari gatsal." Aka yi mini dariya kwana biyu, aka manta.

Washegarin ranar da na tura, wato Juma'a, metires ba ta jira Litinin ba, ta kunna wa aji. Da yarinyar ta dawo ta tarar ina wanke tanda. Ta tsaya a bayana jim, sannan ta ce, "Mama, ashe kin san sunana?" Na kai mata dukan wasa na ce tafi can, ja'ira. Bayan la'asar ta ɗauko allonta ta zauna, wannan karon kusa da ni.

Yanzu ta yi nisa a karatu, ta kere ni tsawo. Alkunya ban yar da ita ba, kuma ban ce kowa ya yar ba, a gaban surukai har gobe "ke" ce. Abin da na gane shi ne gurup ɗin nan ya shigo da tsakar gidanmu cikin aji, yara suna jin wanda ya yi magana, suna jin wanda bai yi ba. Tambayar da ta yi mini kuwa, a lokacin dariya na yi. Sai daga baya na zauna na tuna fuskarta, na ga ita ba wasa take ba. Shekara goma sha ɗaya tana kwana a ɗakina, ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba, kuma ni ban taɓa tunanin tana jira ba.