Ƙwallon da Na Ce Ta Yi Sama

Shekara goma sha huɗu muna buga ƙwallo kowace Asabar da safe a wani fili da ke bayan makarantar firamare, ta wajen Mahuta. Magidanta ne mu, masu tumbi da ciwon gwiwa. Ba mu da alƙalin wasa, ba mu da raga, gora biyu kawai muke kafawa a kowane gefe. Tunda babu sanda a sama, sai muka yi doka: in ƙwallo ta wuce ta kan gola, shi zai faɗa ko hannunsa zai iya kai mata. In ya ce ta shiga, ta shiga. In ya ce ta yi sama, magana ta ƙare.

Ni ne golan ɓangarenmu. Malamin makaranta ne ni, kuma dattijo a coci, don haka ba a taɓa yi mini gardama ba. Ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

A ɗaya ɓangaren akwai wani makanike daga Kakuri, mutumin Gabas, muna kiransa Oga. Ƙato ne, mai tsaron baya, kuma tun da aka fara wasan bai taɓa cin ƙwallo ba. Har muka yanke cewa duk golan da Oga ya ci, sai ya ɗaura zanin matarsa ya shigo fili ya yi gola a haka Asabar mai zuwa. Ni na kawo wannan shawara, ni na fi kowa dariya.

Sai Oga ya sayar da garejinsa zai koma gida. A wasansa na ƙarshe mutanensa suka tura shi gaba, duk ƙwallon da suka samu sai su miƙa masa. Ya yi ta zubarwa. Dab da tashi wata ta faɗo masa a ƙafa, ya rufe ido ya ɗirka. Na tsaya ina kallo don na raina shi. Ta wuce ta kaina, har na ji iskarta a gashina. Da na ɗaga hannu da na kama ta.

Oga ya fara gudu ya buɗe hannuwa, sai ya tsaya ya juyo yana kallona. Ni kuwa zanin nan nake gani a jikina, da hoton da zai yi yawo a wayoyin ɗalibaina.

Na ce, "Ta yi sama."

Mutanensa suka taso mini da hayaniya, wannan ne karo na farko. Oga da kansa ya tare su. Ya ce, "Abeg, ku bari. In Malam ya ce sama, sama ce. Mutumin nan ba ya ƙarya."

Bayan an tashi muna shan ruwan leda a gindin mangwaro, ya zauna kusa da ni yana haki. Ya tambaye ni a hankali, "Malam, da yawa ta yi saman?"

Nan ma ina da damar gyarawa. Maimakon haka na haɗa yatsuna huɗu na nuna masa, wai da faɗinsu kawai ta yi sama. Fuskarsa ta washe, ya bi kowa yana nuna masa yatsu huɗu. Kunya ta hana ni ƙarasa ruwan.

Shekara uku ke nan da tafiyarsa. Duk Kirsimeti sai ya kira ni, kuma duk shekara nakan shirya abin da zan faɗa masa. Bara na riga na ce, "Oga, akwai wata magana," sai ya ce in dakata, jikansa na kusa, bai yarda kakansa ya taɓa kusan cin ƙwallo ba. Ya sa wayar a sifika ya ce, "Malam, gaya masa da bakinka. Yatsu nawa?"

Na ce huɗu.