Igiyar Kofur Tabu ta Uku

Na daɗe ina sayar da shayi da mandazi, wato fanke irin namu, a ƙofar asibitin sha-ka-tafi na barikinmu da ke bayan garin Tabora, kuma ban taɓa zuwa na tarar Kofur Tabu Mwakalinga ba ta riga ni isowa ba. Ƙaramar nas ce. Ita ce awon jini, ita ce wankin ciwo, ita ce allura. Likita ya rubuta ya tafi shan iska, ita ta aikata.

A barikin nan har ciwo ya san muƙami. Ciwon kan hafsa yana gaban karayar farabiti a layi, matar manjo kuwa manjo ce ko da ƙaiƙayin kunne ya kawo ta. Ɗakin allura ne kawai Tabu ke da iko. Ko ga wanda ake ce wa afande, wato yallaɓai, takan ce, "Muƙami a kafaɗa yake, afande, ni kuma ba can nake aiki ba. Juya ka sauke wando."

Abu ɗaya take so a duniya, igiya ta uku. Sa'o'inta duk sun zama saje, ita tana nan da igiya biyu har furfura ta fito mata. Ta ce mini ba za ta koma garinsu Mbeya ƙannenta suna kiran ta kofur ba. Sai ga labari Birgediya zai zo duba bariki, Kanar kuma ya yi mata alkawari: in asibiti ya fita kunya, igiya ta samu.

Aka shafe duwatsu da farar ƙasa, har da gindin mangwaro. Ranar da za a zo, Samanja Ngonyani ya tsaya ya ƙare wa layin marasa lafiya kallo, ya yamutsa fuska.

"Waɗannan za a nuna wa Birgediya? Wannan yana tari, wancan yana amai! Za su ɓata mana asibiti."

Ya sa aka kwashe su zuwa bayan tankin ruwa. Ni ma aka haɗa da ni, wai tukunyata ta yi baƙi. A madadinsu ya zaɓo ƙarti masu sheƙi daga 'yan ƙwallon bataliya, aka naɗa musu bandeji fari tas, aka jera su a benci. Har da gwajin nishi aka yi musu, kada wani ya wuce gona da iri.

Tabu ta sha guga, takalmi kamar madubi. Da za ta wuce ta raɗa mini, "Maman Upendo, ki sa mini ido a kan Shija. Jikinsa bai yi mini ba." Shija farabiti ne, ɗan Shinyanga, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, ga shi an ajiye shi a rana.

Muna jin badujala ta tashi, Shija ya fara sambatu yana kiran shanun babansa. Can sai idanunsa suka juye, jiki ya sanƙare. Sauran suka dubi juna, ba mai motsi, don an ce wanda ya leƙo zai kwana a tsare. Ni ba soja ba ce. Na tattare zanina na ruga.

Na tarar Tabu tana auna jinin mai tsaron gidan 'yan ƙwallon, Birgediya yana gyaɗa kai yana cewa bai taɓa ganin majinyata masu tsabta irin waɗannan ba. Na tsaya a taga na ce, "Tabu, Shija!"

Wallahi na ga lokacin da ta dubi hannun rigarta, inda igiyoyinta biyu suke. Na ji tausayinta har cikin raina. Sai ta ƙame.

"Afande, ina neman izinin shigo da marar lafiya asibiti."

Birgediya ya dubi benci. "Waɗannan fa?"

Ba ta tsaya jiran izinin ba. Ni da ita muka ciccibo Shija, ƙafafunsa suna jan ƙasa, muka ratsa ta gaban manya. Ta daka wa mai tsaron gida tsawa, "Tashi, ɗan nema, ka ba mai ciwo gado!" Ya yi tsalle ya dire da ƙafar da aka naɗe, ya sara wa Birgediya. Likita ya tuna shi likita ne, ya taho da gudu. Aka sa ƙarin ruwa, aka yi allura, Shija ya yi amai a kan takalmin Tabu. Kanar dai ya kafa wa rufin ɗaki ido.

Shija ya tashi. An yi masa horo saboda ya bayyana gaban Birgediya ba hula. Samanja ya sami yabo a kan farar ƙasa. Tabu kuwa aka ce ta bar wurin aikinta ba izini, maganar igiya ta bi ruwa. Ba ta ƙara tayar da ita ba, ni ce dai na yi ta zage-zage har aka ce za a tashe ni daga ƙofar.

Shekaru suka shuɗe. A makonta na ƙarshe kafin ta ajiye aiki, na shiga kai mata shayi sai ga Shija ya zo allura, ya yi ƙiba, igiya uku reras a hannunsa. Tabu ta ajiye kofi ta miƙe ta ƙame masa, kamar yadda doka ta ce.

Ya rufe igiyoyin da tafin hannunsa. "Haba Mama, don Allah ki zauna."

Ta ɗaga sirinji ta ɗan ƙyasta shi da yatsa.

"Cire hannunka in gan su da kyau," in ji ta. Ta daɗe tana kallo. "Sun yi maka kyau, afande. Juya ka sauke wando."