Komawar da Nababa Bai Yi Ba

Nababa mai facin keke a Lafiya ya yi ƙuruciyarsa a gonakin koko na tsibirin Fernando Po. Can ya auri Pilar, ita ta koya masa Sifaniyanci. Da aka kwaso 'yan Najeriya a 1976, aka hana ta shiga jirgin ruwa. Tana kuka ta ɗaga murya, "Que regreses!" wato Allah ya sa ka dawo.

Tun daga nan, yana faci yana gunaguni: "Regrese, regreses, regresemos."

Ƙanwarsa Iyatu ta ce, "Yaya, me kake faɗi haka?"

Ya ce, "In koma, ki koma, mu koma. A yarensu, in abu fata ne kawai, ƙarshen kalmar sauyawa yake."

Bai sake aure ba. Har ya rasu, ko labarin Pilar bai ji ba.